Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Wanda Ke Son Ganin Turai Ya Hau Jirgin Da Ke Tsayawa A Kowace Tasha

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina neman alfarmar ka ba ni fili in yi magana a kan wani ɓangare na nahiyar Turai da ba a cika taɓo shi da harshen Hausa ba. Kusan duk lokacin da sunan Turai ya fito a shafukanmu, maganar ba ta wuce ta biza, ko ƙwallon ƙafa, ko zaɓe, ko kuma labarin baƙin ciki na matasan da suka nutse a Bahar Rum. Waɗannan duka batutuwa ne masu nauyi, ban kuwa ce a rage su ba. Sai dai akwai mutanenmu da dama da Allah yake ba ikon zuwa can ta halastacciyar hanya, wasu don karatu, wasu don fatauci, wasu don taro ko ganin likita, kuma na lura cewa mafi yawansu suna komowa ne ba tare da sun ga komai ba face filin jirgin sama da otal da manyan kantuna. Mutum zai ce maka ya je Italiya, amma da za ka tsananta tambaya sai ka tarar iyakarsa titi biyu a birnin Milan.

Abin da nake so in faɗa gajere ne, ko da yake bayaninsa yana da ɗan tsawo. Duk wanda yake son ya ga tsofaffin wuraren tarihi na Turai tare da ƙauyukan masunta da ke maƙale a gaɓar teku, to ya ajiye maganar jirgin sama da motar haya, ya hau jirgin ƙasa, kuma a cikin jiragen ƙasan ma ya fi ba da ƙarfi ga wanda ake rainawa, wato mai tafiyar hawainiya da ke tsayawa a kowace tasha. Zan kafa hujjata da Italiya, domin ita ce na keta da kaina tun daga gaɓarta ta arewa maso yamma har tsibirin Sisili.

Jiragen ƙasa a can iri biyu ne ga matafiyi. Akwai masu gudun tsiya, irin su Frecciarossa da Italo, waɗanda ke kai kilomita 300 a awa guda, suna ɗaukar mutum daga birnin Rum zuwa Florence a cikin awa ɗaya da rabi. Ba na kushe su, don suna da ranarsu, amma ba gani ake yi a cikinsu ba. Layin da aka buɗe a 2009 tsakanin Florence da Bologna bai kai kilomita 80 ba, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 nasa yana cikin ramukan da aka huda a ƙarƙashin duwatsu, saboda haka wanda ya zauna kusa da taga fuskarsa kawai zai yi ta kallo a gilashi. Sai kuma jiragen yanki, waɗanda Italiyawa ke kira rejonale: ba a ba mutum lambar kujera, kuɗinsu ba ya hawa da sauka kamar na masu gudu, ɗalibai da ma'aikata da tsofaffi masu kwandon cefane ne ke cika su, kuma galibi su ne ke tsayawa a ƙananan tashoshin da nake magana a kansu.

Daga Florence irin wannan jirgi yana bin kwarin kogin Arno ya kai mutum Pisa a cikin awa guda ko da ɗan ɗoriya. Kowa ya san hasumiyar nan da ta karkace, wadda aka fara ginawa a 1173 aka kuma shafe kusan shekara 200 kafin a kammala, har sai da aka rufe ta daga 1990 zuwa 2001 domin a ɗan miƙar da ita kada ta kife. Yawancin baƙi minti talatin suke yi a wurin: su ɗaga hannu kamar suna tallafe ta, a ɗauke su hoto, su juya. Ni kuwa abin da ya tsayar da ni yana gidan adana kayan tarihi na babbar majami'ar da ke gefen hasumiyar. A can aka ajiye wani babban gunkin tagulla mai jikin zaki da fukafukai da kan tsuntsu, wanda maƙeran Musulmi suka zuba wajen ƙarni na 11, da rubutun Larabci na addu'ar albarka zagaye da jikinsa, ya kuma yi ɗaruruwan shekaru yana tsaye a kan rufin majami'ar kafin a sauko da shi. Ita kanta majami'ar da ganimar da jiragen yaƙin Pisa suka kwaso daga Palermo, babban birnin Sisili, a 1063 aka ɗauki nauyin fara ginin ta, lokacin da Palermo ke hannun Musulmi. Haka nan ɗan garin Pisa ne, Leonardo da aka fi sani da Fibonacci, ya koyi lissafi da alƙaluman Larabawa a Bijaya ta ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya rubuta littafin da ya yaɗa su a Turai a 1202. Mai karatu ya riƙe sunan Palermo, domin jirgin zai kai mu can. Ga wanda zai je Pisa kuma, tashar San Rossore ta fi babbar tashar garin kusa da hasumiyar, abin da ban sani ba sai bayan da na sha tafiyar ƙafa.

Daga Pisa jirgi yana yin arewa, duwatsun marmara na Carrara suna fari fat a hannun dama kamar an zuba musu ƙanƙara, har ya isa La Spezia. A nan ne ake sauya jirgi zuwa ƙauyuka biyar ɗin da ake kira Cinque Terre, wanda a bakinsu yake fita kamar Cinkwe Terre. Sunayensu daga kudu zuwa arewa su ne Riomaggiore, Manarola, Corniglia, Vernazza da Monterosso. An shimfiɗa layin dogon da ya ratsa su a 1874, kuma saboda tsaunukan yankin Liguriya suna faɗawa cikin teku ne kai tsaye ba tare da sun bar fili ko na shanya ba, fiye da rabin wannan yanki na layin a cikin dutse aka haƙa shi. Abin da hakan ke yi wa matafiyi sai wanda ya gani. Mutum yana zaune cikin duhu da ƙarar ƙarfe, sai kwatsam haske ya buɗe, ga teku shuɗi shar a ƙarƙashin taga, ga gidaje ja da rawaya da ruwan hoda an ɗora su bisa juna a jikin dutse, kafin ya gama cewa masha Allah duhu ya sake rufewa. A taragon da na shiga har wani yaro ya riƙa ƙirga daƙiƙoƙin hasken da ƙarfi, mahaifiyarsa tana tsawata masa, ƙirgarsa kuwa ba ta taɓa wuce goma ba.

Tsakanin Riomaggiore da Manarola tafiyar minti biyu ce kacal, kuma dukan layin daga La Spezia zuwa Levanto, garin da ke gaba da Monterosso, bai fi rabin awa ba. Amma kafin zuwan dogo, mutanen waɗannan ƙauyuka ba su da hanyar fita sai ta kwale-kwale ko ta turbar alfadarai a kan tsauni, har ya zamana karin harshen ƙauye ɗaya ya ɗan bambanta da na maƙwabcinsa. Sun rayu ne da kamun kifi da kuma wani irin noma mai ban mamaki: sun yanka jikin tsaunin hawa-hawa, suka tokare kowane hawa da katangar duwatsu wadda babu siminti ko laka a cikinta, suka dasa inabi da zaitun da lemon tsami. Wannan aikin hannu na ɗaruruwan shekaru shi ne babban dalilin da ya sa hukumar UNESCO ta saka yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, gwamnatin Italiya kuma ta mai da shi gandun ƙasa mai kariya a 1999. A Manarola babu wurin ajiye mota a tsakiyar gari, kwale-kwalen masunta ne ake jerawa a bakin ƙofofin gidaje a kan babban titi, idan za a fita kamun kifi a sauke su cikin ruwa da ƙugiya. A Vernazza kuwa har yanzu hasumiyar tsaro tana nan a kan dutsen da ya shiga teku, inda a da ake zama ana hangen jiragen 'yan fashin teku.

Corniglia ce ta koya mini hankali. Ita kaɗai ce a cikin biyar ɗin ba ta taɓa ruwa ba, tana can bisa dutse kimanin mita 100 sama da teku, tasharta kuwa tana ƙasa. Tsakaninsu akwai matakalar bulo mai lanƙwasa da ake kira Lardarina, mai taki kusan 380. Akwai ƙaramar bas da ke hawa da mutane, amma na tarar da layinta ya yi tsawo, na ce ai ba sai na jira ba. Ina jan wani ƙaton akwati mai taya wanda na cika da tsarabar da ba ta da gaggawa, kuma taya ba ta san matakala ba. Tun ina ƙirga takin har na daina, na koma ƙirga inda zan huta. Wani dattijo da ke saukowa da buhun lemo a kafaɗa ya tsaya ya dubi akwatin, ya dube ni, ya girgiza kai ya wuce, bai ce uffan ba, ni ma ban nemi ƙarin bayani ba. Tun daga ranar na gane cewa wannan tafiya ta mai jakar goyo ce, kuma ya fi kyau mutum ya bar manyan kayansa a masaukinsa na La Spezia ko Levanto.

Yanzu sai in zo ga ɓangaren da ya fi damuna, Malam Edita, don kada a ce na zo tallar wuri ne kawai. Dogon da ya fitar da waɗannan ƙauyuka daga kaɗaici shi ne kuma ya kwashe musu matasa, domin da hanya ta samu sai suka tafi aikin albashi a tashar jiragen ruwan soja ta La Spezia da masana'antun Jenowa, gonakin tsauni suka koma hannun tsofaffi. Katangar da ba a gyarawa kuwa zubewa take yi. A ranar 25 ga Oktoba 2011 aka yi wani ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta zaftaro daga tsauni, laka ta binne benen ƙasa na gidaje da kantuna a Vernazza da Monterosso, aka yi asarar rayuka. A shekarar da ta biyo baya duwatsu suka faɗo a kan shahararriyar turbar ƙafa da ta haɗa Riomaggiore da Manarola, aka rufe ta, ba a sake buɗe ta gaba ɗaya ba sai a 2024, kuma yanzu sai da tikiti da ƙayyadadden lokaci ake shiga. A yau wannan dogon dai shi ne ke juye miliyoyin 'yan yawon buɗe ido kowace shekara a kan ƙauyukan da mazaunansu gaba ɗaya ba su wuce dubu huɗu ba, musamman a ranakun da manyan jiragen ruwan shaƙatawa suka tsaya a La Spezia suka sauke dubban mutane a lokaci guda.

Na ga abin da idona a Vernazza da tsakar rana. Rabin dandamalin tashar yana cikin ramin dutse, kuma ya cika maƙil har ba masaka tsinke. Wata tsohuwa 'yar garin, da sandarta da jakar asibiti a hannu, ta yi yunƙurin shiga jirgi, taron masu ɗaukar hoto da waya ya ture ta gefe ba tare da ma sun lura da ita ba, ƙofa ta rufe jirgi ya tafi. Ta koma ta zauna a kan benci, fuskarta ba fushi ba mamaki, alamar abin ya zame mata jiki. Na ji kunya ƙwarai, domin ni ma ina cikin taron. Ga wanda ya zo kallo, jirgin abin nishaɗi ne, amma ga wannan baiwar Allah shi ne motar asibiti, shi ne hanyar kasuwa. Shi ya sa nake ganin wanda zai je ya kamata ya kwana aƙalla dare ɗaya ko biyu a yankin maimakon ya yi baƙon yini, ya fita da sassafe ko bayan la'asar lokacin da taron ya janye, ya sayi abinci a hannun mutanen gari, kuma idan da hali ya zaɓi watan Afrilu ko Mayu ko ƙarshen Satumba maimakon Yuli da Agusta. Da na fito bayan sallar asuba a Manarola ban tarar da kowa ba sai masunta biyu suna warware taru da wata kyanwa tana jiran rabonta, kuma wannan awa ɗaya ta fi mini dukan yinin da ya gabace ta. Hukumomin Italiya ma sun fara ɗaukar mataki a wasu wuraren: birnin Venice ya soma karɓar yuro 5 daga baƙin yini a wasu ranaku tun 2024, kufan Pompeii kuma aka ƙayyade masu shiga zuwa mutum 20,000 a rana.

Abinci ba ya ba Musulmi wahala a gaɓar teku matuƙar zai yi tambaya. Akwai ƙananan kifayen Monterosso da ake soyawa ko a jiƙa da gishiri da man zaitun, akwai taliya da miyar ɗanyen ganyen ɗaɗɗoya da suke kira pesto, akwai kuma gurasarsu mai mai. Abin kiyayewa shi ne siraran yankan naman alade da suke sakawa a cikin burodi, da giyar da wasu ke zubawa a miyar kifi.

Akwai wasu ƙa'idojin jirgin da rashin saninsu ke jawo asara. Tikitin takarda na jirgin yanki ba ya aiki sai an cusa shi a wata ƙaramar na'ura da ke bakin dandamali ta buga masa rana da lokaci, kuma wanda ya shiga ba tare da ya yi haka ba mai duba tikiti zai ci shi tara ko da ya biya kuɗinsa cif. Ni wata ɗaliba ce ta gan ni riƙe da nawa fari tas ta nuna mini na'urar da yatsa, saura ƙiris in shiga. Jirage masu gudu kuwa dole ne a kama kujera tun kafin a hau, kuma wanda ya saya da wuri ya fi samun rahusa. Tikitin gama-gari na Eurail, wanda aka ƙirƙiro tun 1959 domin waɗanda ba mazauna Turai ba, yana da amfani ga mai ratsa ƙasashe da yawa, amma ga mai gajerun tafiye-tafiye a cikin yanki ɗaya sau da yawa sayen tikiti ɗai-ɗai ya fi sauƙi, tun da ko da shi sai an ƙara kuɗin kujera a jirage masu gudu. Yajin aiki kuma ba baƙon abu ba ne a can, sai dai ana sanar da shi tun da wuri, kuma a ranakun aiki doka ta tanadi jiragen yanki da za su yi tafiya da safe daga ƙarfe 6 zuwa 9 da kuma yamma daga 6 zuwa 9. Dokar Tarayyar Turai ta ba fasinja haƙƙin a mayar masa da kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti idan jirgi ya makara da awa ɗaya, da rabin kuɗin idan ya kai awa biyu, amma sai wanda ya nema ake ba.

Wanda ya ci gaba da bin gaɓar zuwa yamma zai wuce Jenowa ya isa Ventimiglia, inda ake sauya jirgi a shiga Faransa ta Menton da Monako har Nice. A nan ina jan kunnen 'yan'uwa da babbar murya. Gaskiya ne bizar Schengen ɗaya tana ba mutum damar kwana 90 a cikin kowane kwana 180 a ƙasashen yarjejeniyar, amma tun 2015 Faransa ta dawo da bincike a wannan iyaka, jami'ai suna shiga jirgi a tashar farko ta Menton suna duba takardu, kuma Ventimiglia cike take da 'yan Afirka da aka mayar da su baya. Fasfo ya kasance a jikin mutum, kada ya bar shi a masauki da sunan zai je ya dawo.

Ni dai kudu na juya. Daga Napoli, inda aka buɗe layin dogo na farko a Italiya a 1839, wani ƙaramin jirgi yana zagaya gindin dutsen Vesuvius mai aman wuta ya sauke mutum a bakin ƙofar Pompeii cikin minti arba'in ko ƙasa da haka. Garin da toka ta binne a shekara ta 79 Miladiyya yana nan da titunansa da sawun ƙafafun keken doki a jikin dutse da tanderun masu burodi, kuma wanda ya shiga ya fita bai yi tunanin ƙarshensa ba, to zuciyarsa ta yi tauri. Gaɓar Amalfi da ake yawan yabo ba ta da dogo, sai dai bas daga Sorrento ko jirgin ruwa daga Salerno, don haka na bar ta. Bayan Salerno akwai ƙaramar tashar Paestum, wadda daga ita tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa zuwa wasu ɗakunan bauta uku na Girkawa da suka haura shekara 2,400 suna tsaye, kuma babu cunkoso ko kaɗan. Daga nan layin yana rungume da teku awa bayan awa har ƙauyen Scilla, inda gidajen masunta ke tsome ƙafa a ruwa, kwale-kwalensu kuma suke da wata doguwar hasumiyar ƙarfe da mutum ke hawa yana hangen kifin nan mai dogon baki kamar takobi.

A Villa San Giovanni ƙasa take ƙarewa, amma jirgin ba ya ƙarewa. Ana rarraba taragunsa, a tura su da baya a kan dogon da aka shimfiɗa a cikin cikin wani babban jirgin ruwa, a ƙetare da su mashigin Messina, wanda a inda ya fi ƙunci bai fi kilomita 3 da 'yan kai ba. Wannan yana cikin wurare ƙalilan da suka rage a Turai inda ake yin haka da jirgin fasinja. Mutum yana iya fita daga taragonsa ya hau bene ya sha iska, yana kallon Sisili tana matsowa, sai dai ya riƙe lambar taragonsa da kyau, domin a Messina jirgin rabuwa yake yi biyu, rabi ya nufi Palermo, rabi ya bi ta Taormina da Catania zuwa Siracusa. A wannan mashigi ne jirgin ruwan matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, ya fashe a ƙarshen 1184 yana komowa daga aikin Hajji, ya tsira, ya bi gaɓar arewacin tsibirin yana rubuta abin da ya gani, wato dai hanyar da dogon yake bi a yau.

Ban san yawan almajiran fiƙihunmu da aka taɓa gaya wa cewa wanda ya jagoranci rundunar da ta sauka a Sisili a 827 malami ne ba sarkin yaƙi ba, amma haka abin yake: Asad ibn al-Furat ne, alƙalin Ƙairawan, wanda ya yi karatu a gaban Imam Malik a Madina, ya kuma rasu a shekarar da ta biyo baya yana cikin yi wa Siracusa ƙawanya, inda ɗaya rabin jirgin namu ya nufa. Palermo ta shiga hannun Musulmi a 831, ta zama ɗaya daga cikin manyan biranen Bahar Rum, har Normawa, wasu mayaƙan Kirista 'yan asalin arewacin Faransa, suka karɓe ta a 1072. Abin sha'awa shi ne sababbin sarakunan ba su kori masana da magina ba. Sarki Roger na Biyu ya ajiye al-Idrisi a fadarsa, wanda ya kammala masa taswirar duniya da littafin bayaninta a 1154, kuma a cikin wannan aiki har da labarin ƙasashen Sudan da ke kudu da Sahara.

Kafin a kai Palermo da kimanin awa guda jirgin yana tsayawa a Cefalù, kuma a ganina a nan ne tarihi da ƙauyen teku suka haɗu a wuri ɗaya fiye da ko'ina a wannan tafiya. Garin yana matse tsakanin ruwa da wani ƙaton dutse da ya yi masa rumfa. Daga tasha mutum yana gangarawa a ƙafa ta lunguna masu ƙunci da shanya a sama, ya wuce tsohon wurin wanki inda ruwan sanyi ke fitowa daga bakunan ƙarfe yana bi ta kwamin dutse zuwa teku, sai ya ɓulla gaban majami'ar da Roger ya fara ginawa a 1131, mai hasumiya biyu kamar ganuwa. Masu adon Rumawan Gabas ne suka yi mata zanen duwatsun zinariya a ciki. Ita da ta garin Monreale da ke kusa da Palermo da gine-ginen Palermo ɗin aka haɗa aka saka a jerin UNESCO a 2015 da sunan gadon Larabawa da Normawa. Da yamma kuwa sai ga tsofaffin masunta a bakin tsohuwar tashar ruwa suna gyaran ƙugiya, yara suna tsalle daga kan katanga suna faɗawa ruwa, babu wanda ya damu da cewa a gindin tarihi yake zaune.

A Palermo sunayen unguwanni ma suna ba da labari, domin Kalsa daga al-Khalisa take, fadar Zisa kuma daga al-Aziza. Rufin ɗakin ibadar fadar sarakuna na katako ne da aka sassaƙa irin saƙar zuma, aikin masu sana'ar Musulmi. Amma abin da na fi daɗewa a gabansa ƙarami ne, kuma yawancin masu wucewa ba sa ɗaga kai su dube shi. A shirayin babbar majami'ar birnin, wadda aka gina a inda babban masallacin Juma'a yake a da, akwai wani ginshiƙi a hannun hagu da aka sassaƙa wa allo a jikinsa, a cikin allon kuma aya ce daga Suratul A'araf, ta 54, wadda ke maganar halittar sammai da ƙasa a cikin kwana shida. Na tsaya na karanta ta a hankali, ina tuna cewa daga tashar ruwan wannan birni ne aka kwashi dukiyar da ta tayar da majami'ar Pisa, wadda na baro kwana tara da suka wuce a can arewa, kuma duk tsawon wannan tazara ban hau komai ba sai jirgin ƙasa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridar nan ta ware ko da rabin shafi ne a wata domin labaran tafiye-tafiye irin wannan, a kuma gayyaci ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu da ke can su rubuto. Akwai masu bin layin da aka buɗe a 1992 daga Madrid zuwa Sabiliya ta hanyar Ƙurɗuba, inda masallacin da Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen 785 yake, akwai kuma masu hawa jirgin minti arba'in daga Lisbon zuwa Cascais a bakin Tekun Atlantika ko zuwa Sintra mai ganuwar Musulmi a kan tsauni. Ina da yaƙinin idan aka ba su fili za su rubuto.

Na gode da ba ni wannan dama. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Naka, mai karanta jaridarku a kullum.